Motar da Ta Ci Gwaji a Jikin Wasu

Motar baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus, kuma ta girmi babban ɗana. Na saye ta a Hambug a hannun wata tsohuwa wadda mijinta likita ya mutu ya bar mata, lokacin da nake shirin barin cinikin fatu da ƙiraga in dawo gida. Kujerunta na fata ne, gaban direba katako ne mai sheƙi, in ka rufe ƙofarta kuwa ba ka jin ƙarar gwangwani irin ta motocin yanzu, sai wani nauyi mai kwantar da hankali. A cikin but akwai safayar taya, da jak, da jan alwatikan nan da ake kafawa a bayan mota in ta lalace a hanya, da wani jan gwangwanin kashe wuta mai rubutun Jamusanci a jikinsa. Waɗannan huɗun su ne tushen ɓacin raina, don haka na ambace su tun yanzu.

Kafin in baro Jamus sai da aka duba lafiyarta. Wani mutum ne ya shiga rami a ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma. Bai gaishe ni ba, bai tambayi iyalina ba, ya yi ta ƙwanƙwasa ta kamar mai neman laifi da gangan, ya fito ya ce ba ta da komai. A Abijan, inda na ɗan zauna da ita, jami'in ya fi damuwa da in yi masa Faransanci mai kyau, amma shi ma ya taka birki ya gamsu. Bayan na dawo Ƙaraye, kowace shekara nakan kai ta Kano a duba ta a ba ni takardar lafiyar mota, ba ta taɓa faɗuwa ba. Wuri ɗaya tak ta faɗi a duniya, a garin da aka yanke mini cibiya, kuma babu abin da ya same ta.

A wancan zamanin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, mai duba motoci yakan zo daga Kano jefi-jefi, ranar kasuwa, ya zauna a gindin wata darbejiya kusa da tasha, direbobin haya su jera masa motocinsu. Motocin nan suna tafiya ne da ikon Allah da ƙoƙarin makanikai. Birki suna da shi daidai gwargwado, amma abin kashe wuta da alwatika babu mai su, safaya kuma in akwai ta suɗe kamar tafin hannu.

Ban daɗe da dawowa ba Sarkin Tasha, wato shugaban direbobin garin, ya yi mini sallama. Dattijo ne mai fara'a, ba ka raba bakinsa da goro. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Turai kamar ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya sake dawowa kan gajiya. Sannan ya ce, "Alhaji, an ce akwai wani ɗan jan gwangwani a bayan motar nan. Aronsa za a ba mu, gobe kawai."

Na ba shi. Zuwan gaba ya haɗa da alwatika. Daga nan sai jak, sai safaya. Na ce masa, "Sarki, tayar nan fa ba za ta shiga ƙafar motocinku ba, ramukan ƙusarta ma ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Ai ba ɗaurawa za a yi ba, Alhaji. Gani za a yi."

Wanda bai zauna a wajenmu ba zai ce me ya hana ni ƙi. A Hambug na taɓa aron tsani wajen maƙwabcina, ya ba ni, ya kuma gaya mini ƙarfe nawa zan mayar, ko a jikinsa. A Khartum sai an sha shayi tukuna, amma in mutum ba zai bayar ba yakan faɗa. A nan kuwa aro ba alfarma ba ce, hakki ne. Ana aron babbar riga a je ɗaurin aure, ana aron tukunya, ana aron shanun huɗa da garmarsu. Mai abu ba ya tambayar yaushe za a dawo da shi, in ya tambaya ya zama abin labari a majalisa. Ni da na daɗe a waje, ana ma jira ne a ga ko na dawo da halin Turawa. Don haka kayana suka zama na tasha. Akwai buhun da aka ware musu, kuma yadda ake yi shi ne, in an gama duba mota ɗaya ta zagaya bayan rumfar mai shayi, sai ɗan kamasho ya kwashe kayan ya zuba a ta bayanta. Da yamma a dawo mini da buhuna da ƙullin goro a kai.

Ina da yaya mace da ke aure a Gwangwan. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin man gyaɗarta aka ɗinka mini rigar da na fara shiga makaranta da ita. Tun ranar da na kawo motar nake roƙonta ta shiga in zagaya da ita, ta ƙi. Ta zagaya ta dai, ta leƙa ta taga, ta ce, "Auta, wannan ba ta zuwa kasuwa ba ce. Ranar da zan tafi Makka, ranar zan shige ta. Ka kai ni har bakin jirgi, kowa ya gani." Duk lokacin da na je Gwangwan sai ta tambayi lafiyar motar kafin ta tambayi ta 'ya'yana.

Shekarar da Allah ya kira ta Makka, aikin Hajji ya faɗo cikin damina. Na dawo daga wata doguwar tafiya na tarar takardar motar ta ƙare, kuma a lokacin an tsananta a hanyar Kano, an kafa shingaye, motar da ba ta da takarda a nan take kwana. Ban so in yi kasada ba. Sai aka ce mai duba motoci zai zo Ƙaraye ranar kasuwa mai zuwa. Na ce shi ke nan, a gida ma za a yi. Yaya ta riga ta taho gidana da kayanta, da garin kunu da yaji da kuka da daddawa, tana jiran a kira maniyyatan yankinmu a rediyo. Ba a sanin ranar, sai dai kawai a ji.

Sarkin Tasha ya zo kamar yadda ya saba. Bayan gaisuwa na tattara duk ƙarfin halin da na koyo a ƙasashen mutane na ce, "Sarki, wannan karon ka yi haƙuri. Ni ma tawa za a duba."

Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Ayya, ba komai, Alhaji. Allah ya bar zumunci." Ya tafi. Na shiga gida ina jin kamar na ci yaƙi, har na gaya wa maiɗakina cewa ashe abin ba wuya, a faɗi gaskiya kawai.

Ana gobe kasuwa sai ga ɗan aike daga Rogo, ƙanen surukina ne da kansa, da ƙwaryar nono da man shanu. Surukina, mahaifin maiɗakina, Bafulatani ne mai shanu, ana jin maganarsa a Rogo, muna kiransa Baffa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ɗan aiken ya yi mini gaisuwa da Fulatanci, na amsa da Fulatanci, muka daɗe a kan shanu da ruwan bana. Can ya ce Baffa yana gaishe ni, kuma ya ji an ce gobe za a duba motoci, ga shi yana da 'yar a-kori-kurar nan tasa. Bai ce a ba shi komai ba. Baffa ba ya roƙo, ambato yake yi.

Na iya harsuna shida, amma babu ɗaya a cikinsu da ake ce wa suruki a'a. Na ɗauko buhu da hannuna na ba shi. Abin da kawai na iya cewa shi ne, in an gama da ta Baffa da safe, a taimaka a miƙo mini.

Da safe na wanke motar na kai ta gindin darbejiya. An yi ruwa da asuba, kasuwa duk taɓo, masu shanu suna ta ratsawa ta gefen motata ina ta kare ta da hannu. Mai duba motocin ba wanda aka saba gani ba ne. Wani siriri ne cikin farin kaki, ba ya dariya, an kawo masa goro ya ce a mayar. Da ya ga furfurata ya ce, "Baba, a fara da taka."

But ɗina fayau. Na ce, "A'a, Yallaɓai, a fara da masu haya, su ke da fasinja." Direbobi suka yi ta sa mini albarka saboda tawali'u.

Na zauna a benci ina duba hanyar Rogo, ina jiran a-kori-kurar Baffa. Ba ta zo ba. Daga baya na ji cewa ta daɗe a kan duwatsu, kaji ma na ƙwai a cikinta. Sarkin Tasha ne ya hau babur ya tafi Rogo ya durƙusa gaban Baffa, shi kuma Baffa ya ji kunyarsa, domin motocin tasha ke kai masa dusa ruga. Amma a lokacin ban sani ba, sai da aka buɗe bayan motar farko na hango jan gwangwanina yana sheƙi.

Ina zaune aka nuna shi a mota ta biyu. Aka nuna shi a ta uku. Direban wata tsohuwar bas da ake ɗaure ƙofarta da igiya har shafa shi ya yi, ya ce wa jami'in, "Ɗan waje ne, Yallaɓai, ba na wasa da lafiyar fasinja." Na aika a kira mini Sarkin Tasha, aka ce yana zuwa. Na sake aikawa, aka ce ya shiga kasuwa. Wajen hantsi na lura jami'in ya fara jinkiri a kan gwangwanin, yana juya shi, yana kallon direba, yana kallon rumfar mai shayi. A wata motar na ga ya zaro makulli daga aljihu ya ɗan karce gindinsa. Na ɗauka gwada ƙarfen yake yi. Motar da aka yi wa haka ita ce ta ƙarshe a layi, don haka daga ita sai ni.

Aka tafi sallar azahar. Kafin a dawo, ɗan kamasho ya zo da buhu a kafaɗa yana haki, ya juye a but ɗina, ya ce, "Sarki ya ce a gode, Alhaji."

Jami'in ya duba motata yadda ya kamata a duba mota, wannan kam na yaba masa. Ya sa na kunna fitilu da sigina, ya gwada waifa, ya kwanta a kan buhu ya leƙa ƙarƙashinta. Ya shiga ya ja ta zuwa bakin masallaci ya taka birki, ta tsaya cak. Da ya fito fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce, "Baba, tun da na fara aikin nan ban taɓa jin inji mai natsuwar wannan ba."

Na ce, "Haka aka ce a Jamus ma."

Muka zagaya baya na buɗe but. Ya ɗauki gwangwanin, ya juya gindinsa, ya daɗe yana kallo. Direbobi sun taru a bayanmu, har da Sarkin Tasha da ya ɓullo daga inda ya ɓuya.

Ya ce, "Haba Baba. Da girmanka?"

Na ce, "Me ya faru?"

"Wannan karcen ni na yi shi ɗazu, a motar wancan mai jar hular. Tun safe gwangwanin nan yake bina. Tayar nan ma na gan ta a motar da ko kusa ba za ta shiga ba. Na yi zaton masu haya ne kawai, ashe har da manya."

Jini ya hau mini ka. Na ce, "Yaro, gwangwanin nan tare muka hau jirgin ruwa da shi!" Na nuna masa mazauninsa a jikin but, na sa shi ya zauna daram. Na karanta masa rubutun Jamusancin da ke jiki, na fassara masa da Hausa, na ƙara da Turanci don kada ya ce bai ji ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "To, Baba, abu biyu ne. In aro ka yi, motarka ba ta da kayan kariya, ba zan ba ta takarda ba sai ka sayi naka. In kuma naka ne, to kai ka bayar aka rufe mini ido, motocin nan kuma suna ɗaukar mutane ba abin kashe wuta. Ka faɗa a gabansu cewa naka ne, ka gaya mini wanda ka ba, yanzun nan in ba ka takardarka, in karɓe duk waɗanda na bayar yau."

Na waiwaya. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka sun sami abin kallo a sama lokaci ɗaya ba. Mai jar hula yana duba hadari. Sarkin Tasha ya duƙufa yana ɓare goro kamar ranar ya fara ganinsa. Mutanen nan da motocin nan suke ci da iyalinsu, damina ce, rumbuna sun yi ƙasa. Kuma in aka ce wa na ba, amsar ita ce Baffa. Sai in tsaya a tsakiyar kasuwar Ƙaraye, a gaban masu shanun da rabinsu daga Rogo suka zo, in ambaci surukina a cikin maganar ha'inci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaron yana da gaskiya. Mutumin ramin nan na Hambug ma abin da zai faɗa ke nan, sai dai shi ba zai ce mini Baba ba.

Ya ce, "Baba, ina jinka."

Na ce, "Yaushe za ka dawo?"

"Sai bayan Babbar Salla."

Na rufe but. Sarkin Tasha ya matso ya riƙe mini ƙofa, yana cewa a hankali, "Sannu, Alhaji. Wallahi yaran yanzu ba su da kunya." Na shiga na tayar da mota.

A duk Ƙaraye da Rogo babu inda ake sayar da abin kashe wuta. Na yanke shawarar washegari in bi motar haya zuwa Kano in sayo sabo, in je ofishinsu in roƙa a turo wani ko a ba ni izinin kawo ta. Da na gaya wa Yaya abin da ya faru, ta ajiye carbinta ta ce, "Wato duk yawon duniyar da ka yi, Auta, gwangwani ne ya kayar da kai?"

Na ce, "Yaya, kwana biyu kawai nake nema."

Ba a ba ni ba. Da safe ina sa takalmi rediyo ya kira maniyyatan yankinmu, su hallara a sansanin alhazai kafin la'asar. Na ce zan fito da motar haka nan, in an tare mu in yi bayani. Yaya ta ce ba da ita ba. Ba za ta zauna a bakin shinge ina yi wa ɗan sanda Jamusanci jirgi ya tashi ya bar ta ba.

Kafin mu gama gardama sai ga Sarkin Tasha da bas ɗin da ta fi kowace lafiya a tasha, an wanke ta, an shimfiɗa darduma a kujerar gaba. Ya ce gudummawar direbobi ce ga Hajiya. Aka fara loda kaya, 'yan rakiya suka cika ta. Yaya ta fito cikin fararen kaya, ta wuce bas ɗin, ta nufi gareji. Ta tsaya a gaban baƙar motar, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar baya, ta ɗan jima. Na ce ta shiga ko zama ne ta yi. Ta girgiza kai, ta juyo.

Ina tsaye a bakin gareji, Sarkin Tasha ya taɓa hannun rigata. Ya ce, "Alhaji, tunda dai yau ba ta fita, ko za a ba mu buhun nan? Hanyar akwai shingaye."

Na ba shi. Me zan ce?

Ni aka sa a kujerar baya, tsakanin buhun garin kunu da wata gwaggon maiɗakina mai amai in mota ta yi gudu. Rufin yana ɗiga daidai kafaɗata. A shinge na farko aka tsayar da mu, direba ya miƙa takardarsa sabuwa fil, aka ce ina abin kashe wuta, ya zaro shi daga ƙarƙashin ƙafafun Yaya. Jami'in shingen ya yaba, ya ce da duk direbobi haka suke da an huta. Da muka wuce, Yaya ta waiwayo ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Auta, kada ka damu. Motarka ce ta kawo ni, sai dai gunduwa-gunduwa."

Motar ta ɗauki dariya, har direba. Ni kaɗai ban yi ba.

Bayan Salla na sayo sabon gwangwani a Kano, jami'in nan ya dawo, ya duba, ya ba ni takarda ba tare da wata magana ba. Ranar da alhazai suka sauka na je filin jirgi da motar, na goge ta har tana ɗaukar ido. Yaya ta fito da haƙorin Makka da buta da jakunkuna. Na buɗe mata ƙofar baya. Ta ce ita alkawarin tafiya ta yi, ba na dawowa ba, a bar mata shi sai tafiya ta gaba. Kayanta aka zuba a kujerun fatar, ita kuwa ta bi bas tare da ƙawayenta. Ba ta sake tafiya ba, kuma har Allah ya karɓi abarsa ba ta taɓa zama a cikin motar nan ba.

Mun dawo da kwana ɗaya Sarkin Tasha ya zo yi wa Hajiya barka da sauka. Ya sha zamzam, ya karɓi dabino da carbi, na rako shi zaure. Yana sa takalmi ya ce, "Alhaji, na ji an ce yanzu biyu gare ka."